Mutumin da Ya Raba Daƙiƙa Gida Dubu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Laminu. Ni ba marubuci ba ne, mai gyaran famfo ne, sunana Habu, kuma hannun da ya daɗe yana murɗa bututu ba ya jin daɗin riƙe biro. Duk shekarun nan abin da nake yi in lokacin ya zagayo shi ne in je gidansa a Tanut in gaida matarsa Rabi, mu yi masa addu'a, in koma shagona. Bana ne na ga in ban faɗa ba babu mai faɗa, don waɗanda suka san aikinsa suna ta raguwa, ni ma kuma ƙarfin ya fara ja da baya.

Laminu ɗan Damagaram ne. Aiki ya kawo shi Tanut, malamin kimiyya a koleji, ya zo da niyyar shekara biyu, ya zauna har kabarinsa. Dogo ne siriri, mai magana a hankali, mai taurin kai irin na mutanen da ba sa ɗaga murya. Mun haɗu ne lokacin da aka fara sa famfunan hasken rana a furajin ƙauyuka, wato rijiyoyin burtsatse. Ni ina shimfiɗa bututu, shi kuma yana zuwa kallo ranar da babu lakwal, wato makaranta, yana tambayoyi har ya ishe ni.

Wanda bai san yankinmu na Damargu ba, zai yi zaton wahalarmu ita ce samun ruwa. Wannan ma wahala ce, don ruwanmu yana can ƙasa da nisa. Amma in an same shi, sai babbar rigimar ta taso: wa zai fara sha? Mata suna son cika jarkokinsu da safe, makiyaya sun kwana a hanya da raƙuma da shanu, kuma famfo ɗaya ne. Duk mutumin da aka ba makullin, cikin wata guda an ce ya fi son danginsa. Laminu ya ce to a cire hannun mutum. Ya haɗa wani ɗan akwati da ke kunna famfo, ya juya ruwa daga layin gari zuwa kwamin dabbobi a daidai lokacin da komitin rijiya ya yarda a kai.

Abin da ya bambanta akwatinsa da na kowa shi ne yadda ake ba shi umarni. Ya zauna ya ƙirƙiro masa wani ɗan harshe da kalmomin Hausa. Ana rubuta layi bayan layi a kan ɗan katin ajiya: kunna famfo, jira 30, buɗe gari, rufe kwami. Akwatin yana karantawa daga sama zuwa ƙasa yana aikatawa. Ni da na tsaya a firamare na koye shi cikin yini biyu. Burinsa ke nan. Yakan ce bai ga amfanin na'urar da sai an kira wani daga birni kafin a gaya mata ta jira minti biyar ba.

Kalmar jira ɗin nan ita ce ta kusa raba ni da sana'ata.

A wani ƙauye ne arewa da Belbeji, cikin bazara. Mun sa akwatin, an yi murna, komiti ya yanka akuya. Bayan kwana tara layin gari ya fashe a gaɓa. Na je na ɗaure. Mako bai cika ba ya sake fashewa a wani wurin. A karo na uku babban bututun ne ya tsage kusa da bakin rijiya, aka kwana huɗu babu ruwa kafin a samo wani daga Damagaram. Kwana huɗu a bazarar Damargu ba wasa ba ne. Akwai wani dattijo Ba'abzine, Agali, mai raƙuma da awaki, wanda ya sauka a wurin saboda an gaya masa yanzu akwai tsari, kowa da lokacinsa. Ya jira kwana biyu, a na uku ya kora dabbobinsa zuwa wata rijiya mai nisa. Daga baya na ji ƴan awakinsa da dama sun zube a hanya.

Laifin duk ya dawo kaina. Wa ya haɗa bututun? Habu. Aka ce mannena ba shi da kyau, aka ce ina yin aikin rabi don a riƙa kirana. Har a kasuwar Tanut maganar ta riga ni isa. Wani ƙauye da suka yi mini maganar aiki suka aiko cewa in dakata tukuna.

Ni kuwa na san haɗina. Na je na zauna a gindin bututun tun hantsi, na ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen ina jiran lokacin da akwatin zai juya ruwa. Da lokacin ya yi na ji shi: duka uku, gum, gum, gum, kamar an sa taɓarya daga ciki. Duk mai aikin ruwa ya san wannan. In ruwa yana gudu da ƙarfi ka tare shi farat ɗaya, komawa yake yi ya doki bututu. Yau da gobe sai gaɓa ta saki.

Na sami Laminu a gida bayan la'asar na gaya masa. Bai ji daɗi ba.

"Habu, na'ura ba ta yin abin da ba a rubuta mata ba. Na sa ta rufe a hawa uku, ba sau ɗaya ba. Na yi tunanin wannan."

"Malam, ni ban san abin da ka rubuta ba. Abin da bututu ya ji nake gaya maka. Akwatinka yana rufe ruwa kamar mai fushi."

Mun kusa ɓatawa ranar. Amma ranar Lahadi ya hau bayan motona, wato babur ɗina, muka tafi. Na kama hannunsa na ɗora a kan ƙarfen. Da dukan ya zo sai na ga fuskarsa ta sauya. Na cire ɗan injin da ke juya marufin bututun, na kama marufin da hannu na nuna masa yadda muke yi: ka ɗan murɗa, ka saurara, ka ƙara ɗan murɗawa, in ka kusa ƙarshe ka ƙara sassautawa. Ruwan ya tsaya shiru.

"Tsakanin murɗa da murɗa, nawa kake jira?" ya tambaye ni.

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Sai na ji ruwan ya huce."

Ya sa na maimaita ya fi sau goma yana duba agogon wayarsa. Sannan ya zauna a kan bakin kwami ya yi mini bayanin da har yau nake riƙe da shi. Ya ce harshensa bai san wani abu da ya gaza daƙiƙa ɗaya ba. In ya rubuta jira 1, daƙiƙa guda ce cur. Injin kuwa cikin daƙiƙa uku yake rufe marufin gaba ɗaya, don haka ko ya so ko bai so ba, hawa uku kawai zai iya yi, kowane hawa babba. Ni kuma hannuna yana yin hawa kusan ashirin, kowanne bai kai ƙiftawar ido ba. Ya ce, "Lokacin da nake rubuta shi na ɗauka ba wanda zai taɓa buƙatar abin da bai kai daƙiƙa ba a bakin rijiya. Ni na yanke wannan, ina zaune a ɗakina."

A ranar ya nemi a tara komiti. A ƙarƙashin wata aduwa aka zauna, da mai gari da matan da ke cikin komitin. Ya tsaya da alli a aljihun rigarsa kamar yana gaban aji, ya ce haɗin Habu ba shi da laifi, laifin na akwatinsa ne, kuma har ya gyara a riƙa juya ruwan da hannu. Wata tsohuwa ta ce masa, "To Malam, awakin Agali fa?" Ya sunkuyar da kai. Mutane da yawa na sani waɗanda za su gyara abin a ɓoye su bar ni da sunan da aka laƙaba mini. Ba wanda zai taɓa ganewa.

Na zaci aikin mako guda ne. Ya ɗauke shi har damina ta sauka. A lokacin na fahimci cewa ƙara wa harshe kalma ba kamar ƙara wa bututu gaɓa ba ne. Da farko, akwai akwatuna a wasu rijiyoyin da ke aiki da tsohon rubutu. In ya mai da jira 30 ta koma nufin wani abu ƙarami, duk za su haukace, famfon da ya kamata ya huta rabin minti zai tashi nan take. Don haka dole tsohuwar kalmar ta zauna yadda take, sabuwar ta zo kusa da ita. Na biyu, agogon da ke cikin akwatin sai da ya sauya yadda ake ƙirga bugunsa tun daga tushe. Rabi takan ce a watannin nan ko tuwo aka ajiye masa sai ya huce.

Ya raba daƙiƙa gida dubu. Sai maganar suna ta taso. Ya ce akwai sunan Faransanci, amma ba ya son mai gadin rijiya ya ci karo da kalmar da bakinsa ba zai iya ba. Ya kawo ƙifta, na ce ƙiftawa ta yi tsawo tunda shi da kansa ya ce abin bai kai ta ba. Rabi ce, tana tankaɗen gero a tsakar gida, ta ce tunda aikin ruwa ne a ce ɗigo mana. Haka ya zauna. Ɗigo dubu, daƙiƙa ɗaya. Aka iya rubuta jira 200 ɗigo.

Sai gwaji. Mun koma ƙauyen nan ba sau ɗaya ba, ni hannuna a kan ƙarfe, shi kwamfuta a kan cinya yana neman inuwa. Ya sauya lamba, akwatin ya rufe, in ce har yanzu yana duka. Ya ƙara hutu, in ce ya ragu. Ya rage murɗa, in ce saura kaɗan a ƙarshe. Mata masu jiran ruwa suna mana dariya, wai malamin lakwal da mai famfo sun zo jin bugun zuciyar bututu. Ranar da na ɗora hannu na jira dukan bai zo ba, na ce masa ya sa ya rufe mana. Ya ce ai ya rufe tun ɗazu.

Wannan bututun bai sake fashewa ba sai da tsufa ya ci shi.

Da ya buɗe wannan ƙofar sai ya ga wasu matsalolin a bayanta. Ya lura cewa duk lokacin da akwatin yake jira, barci yake yi, ba ya jin komai. In an ce ya jira minti goma kuma a cikin mintin nan shato, wato tankin ruwa, ya cika ya fara zuba, ko ruwan rijiya ya ja ƙasa famfo yana juyi a bushe, ba zai sani ba sai ya farka. Don haka ya ƙara wata kalma, bayan. In ka rubuta bayan minti 10 buɗe kwami, akwatin zai riƙe alkawarin a ransa ya ci gaba da sauraron sauran abubuwa. Ya ƙara duk, don abin da ake so a maimaita, kamar duba shato duk daƙiƙa biyu. Da waɗannan ne muka magance abin da ke ƙona mana famfuna da damina: girgije ya gifta, wuta ta ragu, famfo ya tsaya, rana ta leƙo ya zabura, wani girgijen ya zo ya sake tsayawa. Sai aka koya masa in ya tsaya ya ɗan dakata, ya tabbata hasken ya zauna kafin ya tashi.

Akwai guda ɗaya da bai gama ba. Agogon akwatin ba ya son zafi. A bazara yakan yi gaba kaɗan kaɗan, yau daƙiƙa kaza, gobe kaza, har bayan wasu makonni lokacin mata ya ragu da mintoci, a fara cewa an sayar da su ga makiyaya. Laminu ya so ya koya wa akwatin gyara agogonsa da kansa ta hanyar lura da lokacin da rana ke fara taɓa pano, farantin hasken rana, kowace safiya. Ya fara rubutawa, sai ƙafafunsa suka fara kumburi.

Ciwon ƙoda ne. Aka shiga zirga-zirga tsakanin Tanut da Damagaram, hanyar da lafiyayye ma take gajiyarwa. Ya bar koyarwa. Zuwana na ƙarshe wurinsa da hantsi ne, yana kwance a rumfa a kan tabarma, ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Ban so mu yi maganar aiki ba, shi ya tayar.

"Agogon rijiyar Olelewa ya yi gaba da nawa?"

"Minti shida, Malam. Na mayar da shi."

"Ka yi haƙuri, Habu. Na bar maka yawo."

Na ce masa in ya tashi sai ya ƙarasa. Ya yi murmushi kawai. Bayan kwana goma sha ɗaya, ana cikin yankan gero, Allah ya karɓi abinsa.

Yawon kuwa na yi shi. Shekara bakwai ina hawa moto ina bin rijiyoyi ina mayar da agogo baya. Ba wanda ya sa ni. Da farko rijiyoyin sun fi goma, tafiyar kan ci mini kwanaki. Yanzu uku suka rage, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji sauƙi ba, don bayana ba ya ɗaukar rairayin hanyar Belbeji kamar da.

Sauran an cire su. Wani poroje, irin shirin nan na masu ba da tallafi, ya zo da sababbin akwatuna daga waje, farare masu kyau, ana duba su ta waya daga ofis. Ba zan kushe su ba. Agogonsu ba ya gudu, kuma in famfo ya tsaya ana sani tun kafin mai gari ya aiko. Amma a rufe suke, da hatimi. In komiti ya so ya ƙara wa mata rabin awa saboda biki ko rasuwa, sai an kira wani, shi ma ya kira wani, kuma sai in akwai rezo, waya tana kamawa. A wata rijiya na ɗora hannu na ji tsohon dukan nan ya dawo. Na gaya wa masu sa akwatin, matasa masu ladabi, suka ce lambar daga masana'anta take zuwa, ba su da ikon taɓa ta. Na ɗaure gaɓar na tafi. Na san zan dawo.

Nakan tambayi kaina me Laminu zai ce da ya ga wannan. Na san ba zai yi kishi ba. Mutum ne da in ya ga abin da ya fi nasa sai ya zauna a ƙasa ya yi ta juya shi yana murna, kuma maganar agogon nan da ta fi ƙarfinsa, zai yaba wa duk wanda ya warware ta. Amma bayan ya gama yabo zai tambaya wa ke iya sauya lambar, kuma mutumin yana da nisan kwana nawa daga rijiyar. Ban san abin da za a amsa masa ba. Zai kuma yi mamakin yadda yanzu kowane saurayi a tashar Tanut yake da waya da ta fi kwamfutarsa ƙarfi, amma ɗalibansa da suka koyi rubuta umarni a hannunsa kusan duk sun watse, wasu Agadas, wasu Libiya, wasu Kano. Ba laifinsu ba ne. Garin bai riƙe su ba.

Ni kaina na gaji da bayani. Akwai lokacin da nake tare duk wani mai farar motar poroje in ba shi labarin ɗigo. Sai a gyaɗa kai, a ce madalla, a ba ni ruwan roba. Na daina.

Watan da ya wuce wata mata ta tsaya a ƙofar shagona ta yi sallama. Injiniya ce, Balkisa, daga wani ofis a Damagaram, an aiko ta ta duba tsofaffin akwatunan da suka rage kafin a sauya su. Ta ce ta zare katin akwatin rijiyar Falanko ta ga umarni da Hausa, abin ya ba ta mamaki, ta yi ta tambaya har aka kai ta wurin Rabi. Rabi ta ciro mata kwamfutar Laminu daga cikin akwatin kayanta, a naɗe da zane. Balkisa ta samu ta tashe ta, ta shiga can cikin harshen, inda ni ban taɓa gani ba, don wurin ba da Hausa aka rubuta shi ba.

"Baba, kai ne Habu?"

Na ce ni ne.

Ta ce a can ciki ta tarar ya sa wa harshen iyaka. Ko wa ya rubuta umarnin, ko wace lamba ya sa, akwatin ba zai yarda ya yi murɗawar ƙarshe ba sai ya huta ɗigo ɗari bakwai. A saman wurin kuma akwai layi guda da Hausa, wanda ba na'ura aka rubuta wa ba, mutum aka rubuta wa. Ta juyo wayarta ta nuna mini hoton, na ce ta karanta, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Ta karanta: "Kada a rage wannan lamba. Ba lissafina ba ne, hannun Habu mai famfo ne. In ana son dalili a tambaye shi, yana kasuwar Tanut."

Na ce ta sake karantawa. Ta sake.

Na tambaye ta ko wannan zai sa a bar ukun da suka rage. Ta ce a'a, Baba, an riga an sa hannu, ba ita ke yankewa ba. Amma rahoto za ta rubuta, kuma tana son ta sa dalilin a ciki da sunansa da nawa, ko Allah zai sa wani ya karanta. Ban ce mata na san inda rahotanni ke kwana ba. Yarinyar ta yi tafiya mai nisa a kan layi ɗaya.

In aka ce in auna abin da ya saura na Laminu, ba shi da yawa. Akwatuna uku da ba za su ga bazara mai zuwa ba, kalma guda da mutum biyar ko shida suka sani, matarsa da ke riƙe da kwamfutar da ba ta iya kunnawa, da wata rana a gindin aduwa da ya tsaya gaban mutane ya ɗauke mini laifin da ba nawa ba. Agali bai sake saukowa rijiyar nan ba, kuma Laminu ya tafi da wannan a ransa, ni shaida ne. Allah ya gafarta masa, ya sanyaya makwancinsa, ya duba bayansa.

Balkisa tana tsaye da littafi a hannu tana jiran dalilin. Na share mata benci, na aika a kawo shayi, na ce ta zauna, bayanin yana da ɗan tsawo.